Abin da aikin tantance takardar tambayoyi ya koya mini

Ƙarshen watan nan zan bar sashen bincike. Waɗanda muka yi aiki tare sun san dalili, don haka ba sai na yi kwana-kwana ba.

Aikin da aka ɗora mini shi ne gwada ingancin takardar tambayoyin da ke auna dangantaka tsakanin marasa lafiyar da ake yi wa jinya ta zaman rukuni, yawancinsu samari masu fama da shaye-shaye, da kuma tsakaninsu da jagoran zaman. Daga Group Questionnaire muka ɗauko ta, wadda Krogel da Burlingame da abokan aikinsu suka wallafa a Amurka a 2013. Tambayoyi 30 ne, kashi uku: shaƙuwa, haɗa kai kan manufar jinya, sai saɓani da rashin fahimta. Mai amsawa yana zaɓar maki daga 1 zuwa 7.

A kashi na uku rigimar ta taso. Ma'aunin Cronbach ɗinsa, wato lissafin da ke nuna yadda amsoshin tambayoyin kashi ɗaya ke tafiya tare, ya kasa kai 0.70 da aka saba nema, sai Oga ya ce a cire shi gaba ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba tambayoyin ne da laifi ba." Jagoran zaman ne ke raba takardun, shi ke karɓa, yana tsaye a kan yaran har su gama. Wane yaro ne zai rubuta cewa likita bai fahimce shi ba, alhali sallamarsa na hannun likitan? Kusan kowa "ko kaɗan" ya zaɓa. Idan amsoshi suka zama iri ɗaya, lissafin ba ya samun bambancin da zai kama, dole ma'aunin ya faɗi. Na roƙi a sake tattarawa ta hannun wanda ba ya cikin masu yi musu jinyar, a rufe amsa a ambulan. Ya ce ba kuɗi, ba lokaci, kuma ba ni zan koya masa bincike ba.

Aka cire. Takardar ta koma mai jin yabo kawai, alhali saɓanin da aka toshe wa baki shi ne ke sa mutum ya daina zuwa zama. Ranar gabatarwa wani farfesa baƙo ya tambayi inda kashi na uku ya shiga. Oga ko gezau, ya nuna ni ya ce, "Yaron nan ne ya yi lissafin." Allah ya isa ban faɗa ba, amma ban manta ba.

Ga wanda zai gaje ni: mutanen rukuni ɗaya amsoshinsu na shafar juna, kada ka lissafa su kamar ba su san juna ba. Wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa a keɓe. Duk umarnin cire tambaya kuma, ka nemi a ba ka a rubuce, da sa hannu. Cikakkun bayanan, har da kashin da aka cire, na miƙa wa sakataren sashe, ya kuma sa mini hannu ya karɓa.