Masu kawo Chromebook a sa mata Windows

Shagona yana bakin titi a wani ƙauye kusa da Wudil. Da cajin waya da fotokwafi na fara, gyaran kwamfuta daga baya ya shigo, yanzu kuwa shi ke riƙe da shagon. A duk aikin da ake kawo min babu mai jawo doguwar magana kamar Chromebook.

Mutum zai sayar da buhunan shinkafarsa, ya shiga birni ya sayo wa ɗansa laftof ta hannu, siririya, batirinta na wuni, ga araha. Sai an dawo gida a nemi Word a rasa, manhajar gwajin JAMB ta ƙi hawa, CorelDraw kam ba a ma zancensa. Washegari sai ga uba da ɗa a bakin shago: "Malam, a taimaka a sa mata Windows."

Nakan ce, "Baba, zauna tukuna." A 2011 aka fara sayar da Chromebook, da babbar manhajar Google mai suna ChromeOS, wadda yawancin aikinta a intanet yake. Makarantun Amurka ne manyan masu sayenta, daga can da yawa ke gangarowa wajenmu. Tunda an ƙera ta don mai sabis dare da rana, ba a ba ta wurin ajiya na kirki ba. Yawancin waɗanda nake gani gig 16 ne ko 32, RAM gig 4, kuma a like suke a jikin fanel, ba a ƙarawa.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, nake fara dubawa. In Intel ce ko AMD, akwai magana. In MediaTek ce ko Rockchip, nan take nake faɗa masa Windows ba za ta hau ba, kada ya ɓata kuɗin mota yana yawon shaguna. Wadda kuma ta nuna har yanzu tana ƙarƙashin kulawar wata makaranta, ba na karɓa.

Aikin kansa ba a wajen sa Windows yake ba, a wajen buɗe mata hanya yake. Akwai ƙaramar manhajar da ke tashin kwamfuta tun kafin komai ya bayyana a fuska, ita ake sauyawa da wadda wani mai haɗa manhaja da ake kira MrChromebox ya tanada, amma ta asalin an kulle ta. A tsofaffi wani ɗan noti ne a jikin fanel, ka kwance shi kulle ya buɗe. A na baya-bayan nan sai ka zare wayar batir, ka bar ta a kan caja kaɗai. To nan ne gumi yake. In aka ɗauke wuta ana tsaka da rubutawa, ta mutu ke nan, sai an kama ƙafafun ɗan cif ɗin da na'ura an sake zuba masa. Shi ya sa ba na yin wannan aikin da wutar NEPA, a kan sola nake yi, kuma sai na ajiye kwafin tata ta asali a filas.

Ko an yi nasara, murnar ba ta cika. Windows 10 kaɗai tana cinye fiye da rabin gig 32. Sifika na iya yin shiru, wurin jan yatsa ya ƙi motsi sai an nemo masa direba, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, madannan kuma babu Caps Lock babu Delete. Ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 gig 64 take nema. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi.

Ni a ganina Linux Mint, wata babbar manhaja da ake sawa a madadin Windows, ta fi dacewa da Chromebook. Ba ta da nauyi, tana zuwa da LibreOffice mai yin aiki irin na Word, ɗalibi zai buga aikinsa ya fitar ba tare da data ba. Malaman firamare da masu rubuta takardu sukan yarda, su ji daɗinta. Mai son CorelDraw ko manhajar da sai Windows, shawarata ya sayar ya cika kuɗi ya ɗauko tsohuwar HP ko Dell, ko da mai nauyi ce.

Yanzu wasu kan kira ni tun suna kasuwa kafin su biya. Nakan ce su duba madannan: in haruffan ƙanana ne, kuma a gurbin Caps Lock akwai alamar bincike ko ɗan da'ira, Chromebook ce, su karanto min lambar da ke ƙarƙashinta.