Ranar gwajin ji

Laraba, da dare.

Yau sati 3 ke nan da aka sallame mu daga asibiti bayan jinyar sanƙarau, kuma yau aka yi wa autana gwajin ji. Tun muna kwance likita ta ja mini kunne kada in bari a wuce sati 4. Ni kuwa da na ga zazzaɓi ya sauka, maɗigarsa da ta kumbura ta lafa, ya koma kama nono, sai na ɗauka mun rabu da sanƙarau ke nan.

Sai da barci ya ɗauke shi aka manna masa ƙananan wayoyi a goshi da bayan kunnuwa. Na'ura na aika ƙara, ana duba ko ƙwaƙwalwa za ta amsa. Kunnen dama ya amsa. Na hagu aka yi ta ƙara sauti, shiru. Gabana ya faɗi, duk da zuciyata ta riga ta sani: kwanakin nan in na kira shi ta hagu, dama yake juyawa yana nemana.

"Maman yaro, zauna tukuna," in ji likita. Ta zana mini wani sashe na can cikin kunne mai kama da katantanwa. Ta ce kumburin da ya kama rufin ƙwaƙwalwa yakan gangara har nan, musamman da ƙwayar cutar numokokus da aka gani a ruwan da aka ɗiba daga ƙashin bayansa, kuma abin da ya lalace a wurin ba ya sake tsirowa. Wani lokaci ma wurin yakan fara daskarewa ya zama ƙashi cikin 'yan makonni, dasa na'urar ji ta yi wuya. Dalilin gaggawar ke nan.

Ta zagaya kansa da tef, don in ruwa na taruwa a ƙwaƙwalwa kan jariri yakan ƙara girma fiye da kima. Alhamdu lillahi, yana nan daidai. Ta duba ƙarfin hannuwa da ƙafafu, ta tambaya ko jijjigar ta dawo. Ba ta dawo ba tun kwana na biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka kamu da irin wannan sanƙarau yakan bar musu tabo mai tsanani. Na sha jin lambar, yau na ɗauke ta a kafaɗa.

Mako mai zuwa za a ɗauki hoton kunnen. Da zan kwantar da shi ɗazu, na juya shi kunnen dama ya kalli sama, sannan na fara masa waƙa.