Turmin shekara shida ba ya famfara, a rufe masa tsagoginsa tun da wuri

Iyaye da yawa ba ma lura da fitowar wannan haƙorin sam. Yaro yana kai shekara 6 ko kusa da haka sai turmi ya ɓullo can ƙuryar baki, bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Toh tunda ba a ga famfara ba sai a ɗauka shi ma na yarinta ne, in ya fara baƙi a ce ai ƙyale shi zai faɗi wani ya fito. Wallahi ba wani da zai fito, shi kenan shi ne har tsufa. Na biyunsa kuma yana zuwa wajen shekara 12.

Ki ɗauko tocila ki ce yaronki ya buɗe baki ki duba saman turmin nan da kyau, za ki ga ba shafaffe ba ne, akwai 'yan tsagogi sirara da ramuka, wasu sun fi silin buroshi ƙanƙanta, shi ya sa ko yaron yana goge baki safe da dare buroshin sai dai ya wuce ta sama ya bar guntun abinci a ƙasa, ƙwayoyin cuta su samu sukari su mayar da shi asid, asid ɗin ya dinga cin haƙori a hankali har ya yi kogo. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kogo 9 cikin 10 na haƙoran yara a waɗannan na baya yake faruwa.

Rigakafin wannan shi ne abin da ake kira silant, wani ruwan roba ne da likitan haƙori ke zubawa cikin tsagogin ya toshe su. Ba allura, ba huda haƙori, ba injin nan mai ƙara da ke sa yara kuka tun daga bakin ƙofa. Zai wanke haƙorin ya busar, ya shafa wani man asid na 'yan sakanni don saman ya ɗan yi kaushi robar ta kama, dabarar da wani likitan haƙori ɗan Amurka, Michael Buonocore, ya fito da ita tun 1955, sai ya ɗauraye ya sake busarwa, ya zuba robar ya haska mata shuɗiyar fitila ta daskare. Wahalar kawai yawu ne, in ya taɓa wurin robar ba ta kamawa sosai, shi ya sa za ki ga ana ta cusa auduga a gefen kumatu. Yaron da ba ya iya zama shiru, ko haƙorin bai gama fitowa ba, wani lokaci a kan sa masa wani nau'in da ake kira gilas ayonoma, shi ya fi jure damshi kuma yana sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, sai dai ya fi saurin zubewa.

CDC ɗin dai ta ce a shekara 2 na farko silant yana kare kashi 80 cikin 100 na kogon turame. Ni a ganina wannan ya isa hujja, balle in kin taɓa kwana da yaro mai ciwon haƙori.

Amma fa saman haƙori kaɗai yake rufewa, tsakanin haƙora yana nan a buɗe, don haka buroshi da man goge baki mai fuloraid da rage kayan zaƙi suna nan daram. Kuma yana iya ɓantarewa, duk zuwa asibiti ki ce a duba ko yana nan, in ya fita a sake sawa. In kogon ya riga ya yi zurfi kuwa silant ba zai yi aiki ba, sai ciko.