Robar da kuke jefawa a kwata ita ce jarina

Ni sana'ata niƙa roba ce. Ina da ɗan fili a wajen Dakata nan Kano, injin niƙa guda ɗaya, sikeli biyu, tankin wanki, sai yara bakwai da mata huɗu masu ware kaya. In mutum ya tambaye ni me nake yi na ce masa harkar jari bola, sau da yawa sai ka ga ya ɗan ja baya, toh ni dai ban taɓa jin kunyarta ba, da ita na yi aure da ita nake biyan kuɗin makarantar yarana, kuma duk buhun da ya shigo filina na san buhu ne da bai tafi ya toshe wa wani kwata ba.

Tun ƙarfe bakwai yara suke fara shigowa, wani da buhu a kafaɗa wani da kura, a ɗora a sikeli a biya shi ya wuce. Daga nan ne ainihin aikin yake farawa, dan mutane gani suke roba ai roba ce, wallahi ba haka bane. Ka juya gindin gorar ruwa ko ta lemo zaka ga ɗan lamba 1 a cikin alama mai kusurwa uku, jarkar mai galibi lamba 2 ce, bokiti da baho da kujerar roba yawanci lamba 5, ledar fiya wata kuma nata layin daban. Kowanne da zafin da yake narkewa, in ka haɗa su ka ɓata duka. Matan da suke min warewa basa ma duba lambar, da ido da kunne suke ganewa, akwai wata dattijuwa a cikinsu in ta ƙwanƙwasa roba a gefen baro ta ji ƙararta shikenan ta san tulin da zata jefa. Bayan an niƙa sai a zuba a ruwa, garin murfi ya taso sama, na gora ya nutse ƙasa, a kwashe kowanne daban a wanke a shanya a rana.

Na taɓa yin asarar da har yau ina tunawa. Guntayen bututun famfo ne suka shige cikin gora muka niƙa tare ba mu lura ba, shi kuma wannan bututun nutsewa yake a ruwa kamar gora, dan haka wanki bai fitar da shi ba, sai da kaya suka je kamfani aka gwada aka ga yana ƙonewa yana ɓata kala. Mota guda aka dawo min da ita, kuɗin mota zuwa da dawowa duk a kaina. Tun ranar na hana a kunna inji sai na bi tulin da kaina.

Abin da muka niƙa kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa suke saya, wani kuma a loda shi zuwa Legas. Butar da kake alwala da ita, bokitin da ka sayo a Ƙofar Wambai, ba mamaki wata tsohuwar kujera ce da ta karye a gidan biki. Garin gora kuma har zare ake yi da shi, irin audugar nan ta cikin filo.

Amma abin da ya sa na zauna nake wannan rubutun ba wannan bane. Kayan da suke zuwa min daga bola rabin wahalarsu ƙazanta ce, kuma a gida aka jawo ta. An zuba ragowar tuwo da miya, an zuba famfas ɗin yara, toka, fasasshen kwalba, duk a bokiti ɗaya da gora, an ba almajiri ya kai bola. Gorar da in ta zo a tsaftace kuɗi ce, yanzu sai yaro ya sa hannu cikin wannan ruɓar ya tono ta, ni kuma in kashe ruwa da soda da dizal kafin ta koma kaya. Akwai yaron da ya shigo min wata safiya yana riƙe da hannu, allura ce ta soke shi a tafin hannu, an yi wa wani allura an jefa sirinjin a shara ko murfin ba a mayar ba. Shekararsa bata fi goma sha huɗu ba. Ni na kai shi asibiti, kuma ranar ban iya cin abinci ba, dan ba wanda ya san jinin wa ke jikin allurar nan. Dan Allah masu kemis da masu yin allura a gida, ku samu jarka mai kauri ku riƙa zuba su a ciki ku rufe, kar ku haɗa da shara.

Kakana manomi ne a wajen Gezawa, yana bamu labarin yadda da rani ake shigowa birni da jakuna a cika mangala da takin bola a kai gona, sharar Kano ita ke ciyar da gonakin kewayenta, dan a lokacin toka ce da kashin dabbobi da ɓawo da ganye, duk abin da ƙasa zata ci. Har yanzu manoma na sayen takin bola, amma je ka ga gonar bayan an watsa, baƙar leda ce ko'ina kamar ita aka shuka, sai an sa yara sun bi suna tsincewa. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar da ke yawo a gari, leda ce a dunƙule, dabba tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba.

Sai damina. Hadari na haɗowa zaka ga an fito da kwandon shara an juye a kwata wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Gaba kaɗan zata tsaya a ƙarƙashin kwalbati, ruwa ya dawo ya shiga gidan maƙwabci, katangar ƙasa ta jiƙe ta zube, abin da ya kwanta kuma sauro ya samu wurin haihuwa. Wanda ya wuce sai rafin Jakara. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ana fitowa tsaftar muhalli a yashe kwata, madalla, amma in aka tara dattin a bakin kwatar aka barshi ruwan farko zai mayar da shi. Motocin REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, suna kwasa, sai dai ba hukumar da zata shiga kicin ɗin kowa ta raba masa shara. Masu hura gawayi da leda ma ku bari, hayaƙin nan ku da yaranku kuke shaƙa.

Akwai wata Hajiya a layinmu, ita ta fara gwada min abin da nake ta faɗa. Na kai mata tsofaffin buhuna biyu na rataye mata a bayan kicin, na ce Hajiya wannan na gora, wannan na ledar ruwa, ragowar abinci kuma ki bar wa kajinki da mai kiwo. Ta ce ɗana ni da tsufana zan koma jari bola? Na ce Hajiya ki gwada wata ɗaya. Jakar fiya wata leda 20 ce, gidanta kuma cike yake da jikoki, kafin wata ya ƙare buhu ya cika. Kuɗin ba wani yawa, na sabulu da omo ne, amma abin da ta fi jin daɗi shi ne bokitin shararta da ake fitarwa kullum yanzu sai ya kwana uku bai cika ba. Ita da kanta ta yi wa matan islamiyyarsu magana, yau gida goma sha shida muke bi a layin. Abin da nake roƙo kawai a zubar da ragowar ruwan ciki, a taka gorar ta lotse, kar a sa wadda aka zuba fetur ko maganin ƙwari.

Na san ana kuka da wasu 'yan jari bola kan sata, kuma gaskiya akwai ɓata gari, shi yasa ni bana sayen ƙarfe ko waya kwata kwata, kuma yaron da ya kawo min kujera lafiyayya sai ya faɗa min inda ya samo ta. Amma mafi yawansu neman halak suke a cikin abin da mu muka zubar, a rana a ruwa, wasu ko takalmin kirki babu. Na saya wa nawa safar hannu da takalmin roba, suna yagewa ina sakewa.

Satin nan injin a tsaye yake, an cire wuƙaƙen an kai wasawa, dizal kuma ya ci rabin ribar watan jiya. Ranar Asabar in Allah ya kaimu zamu fara kwasar gora daga wani ɗakin taron biki da muka yi magana da mai shi, na riga na kai masa manyan buhuna shida an jera su a bakin ƙofar fita.