Kwalba ta yi tsaf ba yana nufin tsiron lafiyarsa ƙalau ba

Ƙannena masu sha'awar renon tsirran nan masu cin ƙwari a cikin kwalba, wato tishu kalca, ku riƙe wannan tun kafin ku fara sayen aga (abun da ke daskarar da abincin tsiron a kwalba) da sukari: bilic ba ya kashe bairos ɗin da ya riga ya shiga jikin tsiro. Ni sai da na yi asarar tsirrai da yawa, nawa da na mutanen da suka yarda da ni, sannan maganar ta zauna min a kai.

Yadda muke koyon abun ne yake yaudararmu. Duk sabon shiga abu biyu yake tsoro, fumfuna da bakteriya, don su ne ake gani da ido, ka wayi gari ka ga farin gashi-gashi ya rufe agan ko wani ruwa mai yauƙi ya zagaye gindin tsiron. Sai ka dage da tsabta, ka dafa kwalabe a tukunyar furesha a digiri 121 na minti 15 zuwa 20, ka wanke ganyen da sifirit da ruwan bilic, har ka ƙara PPM, wani maganin hana fumfuna da bakteriya, a cikin abincin. In aka yi makonni kwalbar tana nan garau sai zuciyarka ta ce maka ai an gama. To duk wannan wankan a fatar tsiron ya tsaya. Shi bairos a cikin ƙwayoyin halittar tsiron yake zaune, yana bin jijiyoyin da ke kai abinci, daga ganye zuwa saiwa zuwa kara, kuma ba ya tsirowa a kan aga balle ya tona wa kansa asiri.

Nawa kuskuren a kan wata Sarracenia na yi shi, tsiron nan mai ganye kamar tulu da yake kama ƙwari da shi. Tulunanta suna da wasu ɗige-ɗige da zane ruwan ɗorawa, ni kuma a lokacin idona ya rufe da son abun da babu a hannun kowa, na ce wannan ai irin dabbare-dabbaren nan ne da masu tara tsirrai ke rububi. Ban tambayi kowa ba, ban ware ta gefe na zuba mata ido ba, kawai na yanko na saka a kwalba. Ta karɓa kuwa, tana ta tohuwa ina rabawa, kwalba ɗaya ta zama biyar, biyar suka cika shelf, har na fara bai wa abokai kyauta ina jin daɗi. Sai da aka fito da su suka shiga tukwane sannan abun ya bayyana, tuluna a murɗe, girma ba sauri, kowane sabon toho ya fi na baya ƙanƙanta. Da aka kai ganyen ɗakin gwaji aka ce bairos ne. Abun da ya fi ci min rai har yau shi ne kiran mutanen ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu su ƙona kyautar da na ba su, bayan ta zauna watanni a tsakiyar sauran tsirransu.

Tishu kalca kamar injin fotokofi yake, in takardar asali tana da tabo to duk kofin da ya fito da tabon zai fito. Wannan shi ya sa maganar da ake yawan yi cewa "ai na tishu kalca ne, ba shi da cuta" take da haɗari sosai. Maganar tana da asali, amma an yanke mata rabi. A 1952 ne wasu masana biyu a Faransa, Morel da Martin, suka samo tsiron daliya mai lafiya daga uwa mai bairos, kuma da can ƙurewar idon toho suka yi, wanda ake kira meristem, ɗan abun da bai kai rabin milimita ba, sai da madubin ƙara girma ake yanko shi. Wajen nan jijiyoyi ba su gama isa ba, ƙwayoyin halittar kuma suna rabuwa da sauri, shi ya sa sau da yawa bairos bai kai can ba. Mu kuwa me muke sakawa a kwalba? Gindin ganyen Dionaea mai tarko kamar baki, karan furen da bai buɗe ba, ganyen Drosera mai danƙo, gaɓar Nepenthes mai tuluna a rataye. Duk manyan yankuna ne masu jijiya, in uwar tana da ciwo suna ɗauke da shi cif. Ko shi meristem ɗin ma ba tabbas ba ne, sai an gwada tsiron da ya fito. Masu sana'ar sukan haɗa da ajiye uwar a zafin digiri 35 zuwa 38 na wasu makonni kafin yanka, amma ku yi tunani kafin ku kwaikwaya, Nepenthes na kan tsauni irin su rajah ta dutsen Kinabalu a Borniyo sanyi suka saba da shi, zafin da zai rage bairos zai iya gamawa da tsiron gaba ɗaya.

Kuskurena na biyu reza ce. Reza ɗaya da hantsaki ɗaya nake aiki da su, in na gama da wannan tsiron in tsoma a sifirit in wuce na gaba, a ganina na cika sharaɗi. Sifirit yana maganin bakteriya, amma akwai bairos masu taurin kai da ba abun da yake musu. Babbansu shi ne na ganyen taba, TMV, wanda aikin Ivanovsky a 1892 da na Beijerinck a 1898 a kansa ne ya buɗe ilimin bairos gaba ɗaya, yana iya shekaru a busasshen ganye yana nan da ƙarfinsa, shi ya sa mai shan taba dole ya wanke hannu da sabulu sosai kafin ya taɓa tsirrai. Masu renon furen okid sun sha wannan wuyar tun kafin mu, manyan bairos ɗinsu guda biyu ta almakashi da wuƙa suke yawo. Yanzu ni sabuwar reza nake ɗauka ga kowace uwa, hantsaki kuma wuta sai ya yi zafi sosai ko a jiƙa shi a ruwan bilic na wasu mintuna sannan a ɗauraye. Kowace kwalba ina rubuta daga wace uwa ta fito, don in wata ta nuna alama daga baya in san zuriyar da zan kwashe.

Kada kuma ku ce tunda suna cin ƙwari ƙwari ba sa cinsu. Darɓa tana son sabon tohon Dionaea da Drosera, ita ce kuma mai yaɗa CMV, bairos ɗin da ke kama nau'in tsirrai sama da 1,000. Ƙananan ƙwarin nan tirifs su ma suna da nasu da suke ɗauka. Saboda haka uwar da za ku yanka ku ware ta tukuna, nesa da sauran, ku ga sabbin ganye sun fito lafiya lau kafin reza ta taɓa ta.

Akwai kuma ɗaya gefen, don bayan abun da ya same ni sai na koma duk ganyen da ya lanƙwashe in ce bairos ne in ƙona, na yi ɓarnar masu lafiya a banza. Yawan sinadarin sa toho irin su BAP yana murɗe ganye. Abincin MS, wanda Murashige da Skoog suka haɗa a 1962, don taba aka yi shi, ya yi wa tsirran fadama irin masu cin ƙwarin nan ƙarfi, shi ya sa ake rage shi zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba su ƙone. Ruwa mai gishiri-gishiri ma yana ɓata su. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, gwajin gano bairos ne ke yi, ko wanda ake kira ELISA ko PCR wanda ya fi shi ganin ƙaramin abu. Sai dai ku sani kowane tsinken gwaji bairos ɗin da aka yi shi dominsa kawai yake gani, in na CMV ya ce babu to CMV ɗin ne babu. Kuma a maimaita bayan tsiron ya fita kwalba ya yi watanni, don a cikin kwalba cutar kan yi ƙasa har ta ɓuya.

Abun yana damuna ne saboda kwalaben nan su ne ke rage wa daji nauyi. Dionaea a duk duniya a wani ɗan yanki na Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka kaɗai take fitowa da kanta, satar ta daga daji ta yi yawa har a 2014 Karolina ta Arewa ta mayar da shi babban laifi. In masu saye suka daina yarda da na kwalba, masu tonowa ne za su ci riba.

In kai sabo ne, fara da iri. Yawancin bairos ba sa bi ta iri, kuma irin ya fi jure bilic fiye da ganye, ka ga ka koyi hannu ba tare da ka yaɗa komai ba. Sai in kana son ainihin wani zaɓaɓɓen nau'i irin su Dionaea B52, wanda iri ba zai ba ka shi sak ba, to nan ne za ka nemi uwar da ka san tarihinta, ka ware ta, ka gwada ta in da hali, kuma kada ka bai wa kowa ko ɗaya sai ƴaƴan farko sun fita kwalba sun shiga tukunya sun yi cikakken zagayen girma a gabanka.