TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 7): Littafin da ba shi da bango

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya ne daidai inda mai unguwa ya zagayo gida gida ana rubuta sunayen yara, shekarar 1976 kenan da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo UPE, karatun firamare kyauta ga kowa, aka kwashe mu aka kai makarantar boko Baba yana so baya so. To yau zan faɗa maku yadda na yi shekara uku cur ina zuwa makarantar nan ban iya karatu ba, da abin da ya zo ya buɗe mani kai daga baya.

Ajinmu a gindin wata darbejiya yake, allo jingine jikin itacen, mu kuma a ƙasa mun fi mu saba'in, in iska ta taso sai kowa ya dafe littafinsa. Malam zai nuna da bulala yace ba be bi bo bu, mu amsa da ƙarfi har a jiyo mu bakin titi. Ni kuwa Allah ya ba ni hadda, dama ga makarantar allo da yamma ta saba mana, saboda haka littafin koyon karatun nan na haddace shi kaf tun daga farko har ƙarshe, da an buɗe shafi na ga hoto sai in zubo abin da ke ƙasa kamar ruwa. Amma a ɗauko kalma ɗaya daga ciki a rubuta ta ita kaɗai a allo, shikenan na tsaya cak, sai kallo. Ranar da malaminmu na aji uku ya gano haka ya zane ni a gaban yara, yace daƙiƙiya kawai, kin zo ɗumama ƙasa. Wallahi maganar ta zauna mani, na yarda haka Allah ya yi ni, kaina ba na karatu bane.

Lokacin Inna tana tuyar ƙosai, ni ke kai talla da sassafe kafin in sa yunifom. Takardar naɗe ƙosai kuwa abu ne mai daraja a gidanmu, buhun siminti, tsohuwar jarida, littafin rubutun da ya cika, duk ba a yarwa. Kawuna ƙanen Inna yana aiki a kamfanin gurzar auduga nan Funtua, shi ke tattaro mata tsofaffin takardu in zai zo gaishe ta. Da damina ta 1979 ya kawo wani kwali, cikin tarkacen har da wani littafi da ba bango, gara ta ci gefensa, kuma kafin in ankara Inna ta riga ta yage kusan shafi goma daga baya ta naɗe ƙosai da su. Zanen da ke ciki ne ya ja ni, mutane da rawunna da dawakai. Na riƙe nace Inna ki bar mani wannan, tace ke da ba ki iya karatun ba me za ki yi da shi, kawo nan. Goggo ce ta cece ni, yayar Baba, tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi, tace haba ke kuwa, ƙosai nawa wannan zai naɗe, bar ma yarinya abinta.

Goggo a ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma a lokacin yanar ido ta rufe mata gani sai dai ta ga haske haske. Ita ke yi mana tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi, Ta Kitse, 'yar sarki da ta ƙi miji mai tabo, duk daga bakinta na ji su. Daren nan bayan isha'i na kwanta ina ta jujjuya shafuka a gaban fitilar ƙwai, ta ji motsin takarda tace to uwata, me aka ce a ciki? (Haka take kirana don sunan mahaifiyarsu aka sa mani.) Na yi shiru, can nace Goggo ban iya ba. Tace ai kin san baƙaƙen ko? Nace na sani. Tace to faɗo su ɗaya ɗaya, ni ba inda za ni, dare namu ne.

Na ɗora yatsa a kan wata kalma na fara, sa, sai ra, sar... na tsaya ina kallon sauran. Goggo daga kan gadonta tace sarki? Na duba, ga ki nan kuwa a gaban yatsana. Sarki! 'Yan uwa ban san yadda zan kwatanta maku abin da na ji ba, tsigar jikina ta tashi. Shekara uku ina ɗauka karatu wata waƙa ce da ake haddacewa don malam, ashe magana ce, irin wadda muke yi a tsakar gida, wani ya ɗaure ta a takarda yana jiran a kwance. A daren layi biyu kawai muka iya, ni ina harhaɗawa ita tana cankar sauran, in ta canka ba daidai ba mu yi ta dariya, ba wanda ya ɗaga mani murya. Da ta ce a hure fitila kada kananzir ya ƙare sai da na roƙi ƙarin layi ɗaya.

Haka muka ɗora kullum. Baba ya fara faɗan kananzir sai Goggo ta fito da tsohuwar aci-balbal ɗinta ta zuba man gyaɗa, da safe hancina duk baƙi. Kafin kaka ta yi ina karanta shafi guda ba tsayawa sosai, kafin sanyi ya shiga ina yin labari ɗaya a dare. Labarin wani aku ne da ke ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, kullum labari ya ƙare gari ya waye, mu dai littafin aku muke ce masa tunda ba mu san sunansa ba.

Abin da nake so ku lura da shi, Goggo ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ita ta san kalmomin, ni kuma na san baƙaƙen ban san ma'ana ba. Zan karanto lifidi, ko sulke, ko zagi, in ce Goggo mene ne wannan, sai ta gyara zama ta ba ni labarin hawan sallah da ta gani a Katsina tana budurwa, yadda ake shirya doki, waye ke gaba waye ke baya. Kalma ɗaya sai ta kai mu rabin dare. Kuma ba ta bari labari ya wuce haka nan, za ta tsayar da ni tace dakata, ke a ganinki me ya sa wazirin nan ya yi haka? In nace mugu ne, tace to mugu haka kawai, me yake tsoro, me yake so? In yi ta tunani har barci ya ɗauke ni. A rayuwata ba wanda ya taɓa tambayata ra'ayina kafin wannan, yarinya 'yar shekara tara mai tallan ƙosai. Kuma na lura tambayar ta bi ni har tsakar gida, ranar da kishiyar Inna ta zage ni a kan abin da ban yi ba, maimakon in rama kamar yadda na saba sai na samu kaina ina tunanin ko don ɗanta da ke kwance ba lafiya ne ranta ya ɓaci.

Sai ga mu mun iso inda Inna ta yage. Labari yana tsaka da daɗi takarda ta ƙare. Lokacin matan gidan sun fara taruwa a ƙofar ɗakin Goggo su ma suna saurare, har da ta maƙwabta mai leƙowa ta katanga, kowa ya yi tsit yana jira, ni kuma kunya ta hana ni in ce ya ƙare. Sai kawai na ci gaba da kallon shafin ƙarshe ina ƙirƙiro nawa, na kama mugun na ɗaure, na yi biki na kwana bakwai, matan suka watse suna ta madalla. Da muka kwanta Goggo tace uwata, wannan na ƙarshen naki ne ko na takarda? Gabana ya faɗi, nace nawa ne Goggo. Ta ɗan yi shiru sannan tace ban ji ƙarar juya shafi ba shi ya sa, amma ya yi daɗi, gobe ki yi mani wani daban. Na yi wa littafin nan ƙarshe ya fi kala goma.

A makaranta kuwa ba wanda ya san abin da ake ciki sai gani aka yi na canza. Aji huɗu na koma cikin na gaba gaba, har lissafi da nake tsoro ya zo mani da sauƙi, don ashe rabin wahalar tambayar ce ba na ganewa. Na iya zama wuri ɗaya in bi abu tun daga farko har ƙarshe hankalina bai tafi ba. Matan unguwa da mazajensu ke cin rani a Legas ko Ibadan suka fara aiko a kira ni in karanta masu wasiƙa, a ba ni sule ko a cika mani hannu da gyaɗa.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai ta mata na ga littafin cikakke da bangonsa a laburare, Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, mutumin da ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fito a Zariya a 1939. A tsaye na buɗe baya na karanta shafukan da aka naɗe ƙosai da su, hawaye na zuba, don lokacin Goggo ta riga mu gidan gaskiya ba ta ji ainihin ƙarshen ba. Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta.

Bari in ɗan tsallako yanzu kafin in koma. Na yi sama da shekara talatin ina koyarwa a firamare, kuma cikin sati ɗaya nake gane yaron da ake yi wa labari ko ake karanta masa wani abu a gida, yana da kalmomi a bakinsa, yana tambaya, in ka ce me zai faru gaba idonsa sai ya yi haske. A 2023 'yata ta turo mani wani bincike ta WhatsApp, masana daga jami'o'in Kambirij da Warwick na Ingila da Fudan ta ƙasar Sin suka duba yara fiye da 10,000 a Amurka, suka ga waɗanda suka fara karatun nishaɗi tun suna tsakanin shekara 2 zuwa 9 sun fi sauran riƙe abu a ka da iya magana da ƙoƙari a makaranta da suka tasa, damuwarsu ba ta kai ta sauran ba, sun fi samun barci, har hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna bambanci. Suka ce kamar awa 12 a sati shi ya fi dacewa. Ni dai nace awa 12 da wuya ga yaranmu, ga boko ga islamiyya ga allo ga aike, amma ni da Goggo bai fi rabin awa zuwa awa ɗaya muke yi a dare ba kuma ga inda ya kai ni.

Abin da ke ƙona mani rai shi ne uwa ta ga ɗiyarta da littafin labari ta fizge tace ɓata lokaci ne, je ki ɗauko na makaranta, alhali ita ce da hannunta ke miƙa wa ɗan shekara uku waya don ya bar kuka. Na yarda akwai littattafan da ba na yara bane, ni ma ba kowanne nake bari jikokina su taɓa ba, to ki zaɓa mata mai kyau mana, ki zauna ta karanta maki kina tsince shinkafa, ko ba ki yi boko ba kin fi ta sanin Hausa da duniya. Kuma don Allah a bar su su fara da harshen da suke mafarki da shi, kada a ce sai Turanci ne karatu, kuma kada a mayar da abin jarrabawa, da an shigo da bulala daɗin ya gudu.

To mu koma. Ina aji shida, shekarar 1982, wata ranar Alhamis bayan la'asar na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da takalman baƙi uku a zaure da ƙwaryar goro a gefe, Inna kuma tana madafa ta ƙi haɗa ido da ni. Ƙanena ne ya raɗa mani wai maganata ake, Baba yace karatun ya isa haka, ba zan zauna jarrabawar shiga sakandare ba. Na ajiye tulun na shige ɗakin Goggo na faɗa jikinta ina kuka, ta bar ni sai da na yi mai isata, sannan tace miƙo mani mayafina da sandata, ki ɗauko littafin akun nan, ki riƙe hannuna ki kai ni zauren.

Abin da ya faru a zauren nan sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu da rai da lafiya.