Tarihin Rayuwata (Kashi na 6): Kawu Laftanar

Makon jiya na tsaya a tarewarmu Tudun Wada. Yau sai na ɗan koma baya, don ba zan iya tsallake Kawu ba.

Ƙanen mahaifiyata ne, laftanar a runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammed ya jagoranta a yaƙin basasa. Ina 'yar shekara takwas muka raka shi tashar jirgin ƙasa ta Kaduna. Har yau ina jin ƙamshin man takalminsa. Ya danƙa mini sule ya ce, "Ki sayo wa Inna goro, ban da alewa." Alewar na sha, Allah Ya yafe mini.

A watan Oktoban 1967 rundunarsu ta yi yunƙurin haye kogin Neja daga Asaba zuwa Anacha cikin jiragen ruwa, saboda an karya gada. Sojoji da yawa suka halaka. Mu kuwa takarda aka kawo mana, wai ba a gan shi ba. Wannan ta fi mutuwa ciwo. Amaryarsa, wata bakwai da ɗaurin aure, ta zauna ba miji ba takaba. Inna, kakarmu, ta hana kowa taɓa akwatin ƙarfensa, kowace Juma'a ita ke shanya kakinsa a igiya.

Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970. Sai da damina ta faɗi wani kofur ya yi sallama a zaurenmu, ya rame kamar kara. Ya ce tare aka kama su, aka tsare su a wata makaranta. Kawu na da harbi a cinya, ga ba magani. Abincinsu ɗan garin rogo ne a gwangwani, masu gadin ma yunwar ke cin su. Bai zage su ba, wannan ya ba ni mamaki. Ciwon ya ruɓe, Kawu ya cika da asuba, kansa a kan cinyar kofur ɗin.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ɗana, an yi masa salla?"

"Mu uku muka sallace shi, Inna. Da fitowar rana muka gane gabas."

Ta ce alhamdu lillahi, sannan hawaye suka zubo. A daren amarya ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, bayan jiran kusan shekara uku.

Mako mai zuwa zan faɗa muku abin da muka tarar a cikin akwatin nan.